Tom Barry: Wa Ya Aiki Mai Bindiga?

Tun da ƙasar Ayalan ta amince da Falasɗinu a matsayin ƙasa a watan Mayun 2024, samarinmu suka shiga tonon tarihin mutanen wannan tsibiri, kuma hakan ya yi mini daɗi. Abin da ya ɓata mini rai wani rubutu ne da na ga ana ta yaɗawa a Facebook, da hoton wani saurayi mai suna Tom Barry, kwamandan 'yan gwagwarmayar neman 'yancin Ayalan. An rubuta a ƙasan hoton cewa da mutum 36 ya durƙusar da daular Birtaniya, don haka wai bindiga kaɗai ke kawo 'yanci, ƙuri'a da zaman sulhu kuwa aikin matsorata ne. Masu sharhi sai jinjina suke yi, babu wanda ya tambayi abin da ya sami mutumin bayan wannan rana.

Ina ganin girman Tom Barry, kuma na yarda yaƙin da ya yi da Turawan Ingila a 1920 da 1921 yana kan gaskiya. Amma shi wannan mutumin ya tafka babban kuskure a 1922, kuskuren da ya ci rayukan abokansa. Jarumtarsa ba ta ragu ba tsakanin shekarun biyu. Abin da ya canza shi ne, a karon farko jama'a ne suka tsaya masa, suka kuma nuna haka da ƙuri'unsu. A karo na biyu jama'a suka ce ya isa, shi da abokansa suka ce ba su ji ba.

Sojan Sarkin Ingila ne da farko

An haife shi a 1897 a gundumar Kerry. Mahaifinsa ɗan sandan gwamnatin Birtaniya ne, wato rundunar da daga baya ɗan zai yaƙa. A 1915, kafin ya cika shekara 18, ya shiga sojan Birtaniya ɓangaren igwa, aka tura shi Iraƙi yaƙi da Turkawa. Shi da kansa bai ɓoye dalilinsa ba: yana son ya riƙe bindiga, ya ga duniya, ya ji ya zama namiji. Yana can Iraƙi ya karanta sanarwar cewa wasu 'yan ƙasarsa sun yi bore a Dublin a watan Afrilun 1916, an murƙushe su, an harbe shugabanninsu.

Da ya dawo garin Bandon da ke yammacin gundumar Cork a 1919, 'yan gwagwarmaya ba su yarda da shi ba, kuma da gaskiyarsu. Ɗan ɗan sanda, tsohon sojan Sarki, wa zai ba shi sirri? Sai a tsakiyar 1920 suka karɓe shi, saboda suna da samari masu zuciya amma ba su da wanda ya san horon soja.

A wannan lokacin tura ta riga ta kai bango a Cork. A watan Maris aka shiga gidan magajin garin Cork, Tomás Mac Curtain, da tsakar dare aka harbe shi a gaban iyalinsa. Wanda ya gaje shi, Terence MacSwiney, ya rasu a kurkukun Landan a watan Oktoba bayan kwana 74 yana yajin cin abinci. A watan Yuli sojoji suka kama wasu 'yan gwagwarmaya biyu, Tom Hales da Pat Harte, suka gana musu azabar da ta haukatar da Harte har ƙarshen rayuwarsa. Gwamnati ta kuma ɗebo tsofaffin sojoji daga Ingila ta sa musu kakin 'yan sanda: Black and Tans a kan sule goma a rana, sai tsofaffin hafsoshi da ake kira Auxiliaries a kan fam guda. Aikinsu ƙona gidaje da shaguna da dukan duk wanda suka ga dama. Mai son sanin dalilin da ya sa mutanen Ayalan ke jin zafin Falasɗinawa, ya sani cewa ɗaruruwa daga cikin waɗannan mutane, da aikinsu ya ƙare a Ayalan a 1922, Falasɗinu aka tura su aikin ɗan sanda.

Kilmichael

Ranar Lahadi 28 ga Nuwamban 1920, Barry ya kai mutanensa 36 wata kwanar hanya a Kilmichael, tsakanin Macroom da Dunmanway. Sun kwana suna tafiya a ƙasa cikin ruwan sama. Da gari ya waye suka kwanta a bayan duwatsu da kayansu jiƙaƙƙu, cikin sanyin da ke shiga ƙashi, kowa da harsasai 'yan ƙalilan, wurin kuma babu hanyar gudu idan abu ya ɓaci. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne da ba su taɓa harbin mutum ba. Haka suka wuni har wajen ƙarfe huɗu na yamma.

Da motoci biyu na Auxiliaries suka ɓullo, Barry ya tsaya a bakin hanya sanye da rigar hafsa. Direban farko ya rage gudu don ya ga ko wane ne, Barry kuwa ya jefa gurneti. Cikin ɗan lokaci aka gama. Daga mutum 18 da ke cikin motocin, 16 suka mutu nan take, ɗaya ya tsere aka kama shi aka kashe, ɗaya ya rayu da mummunan rauni. Barry ya rasa mutum uku, cikinsu har da Pat Deasy mai shekara 16. Da ya ga jikin yaransa yana rawa saboda abin da idonsu ya gani, sai ya jera su a kan hanyar, a tsakiyar gawarwaki, ya sa su fareti har hankalinsu ya dawo. Shekararsa 23 a lokacin.

Makonni kaɗan kafin nan firaministan Birtaniya, Lloyd George, ya yi alfaharin cewa ya shaƙe wuyan masu kisa a Ayalan. Bayan Kilmichael sai ga dokar soja a gundumomi huɗu, sai ga tsakiyar birnin Cork an banka masa wuta daren 11 ga Disamba. A watan Maris na 1921 sojoji sama da dubu suka yi wa Barry da mutanensa 104 ƙawanya a Crossbarry, ya fasa ta ya fice, wani daga cikin mutanensa yana busa algaitarsu ta gargajiya a tsakiyar ruwan harsasai.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ba ni da niyyar rage masa ko ƙwayar zarra. Tambayata ga mai wancan rubutu ita ce: su waye suka ciyar da mutum 104 da ke yawo a ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye?

Matan manoma ne suka dafa musu abinci suka ba su wurin kwana, suna sane da cewa idan aka gano za a ƙona gidan. 'Yan matan ƙungiyar Cumann na mBan ne suka ɗauki saƙonni a kan keke, cikinsu har da Leslie Price wadda Barry ya aura. Ma'aikatan jirgin ƙasa suka shafe watanni a 1920 suna ƙin ɗaukar sojoji da makamai, ana korarsu daga aiki. Mutane suka ƙaurace wa kotunan Sarki suka kai ƙararrakinsu kotunan 'yan gwagwarmaya. Michael Collins, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar, ya tara rancen sama da fam 350,000 daga aljihun talakawa. Tushen duk wannan kuwa zaɓen Disamban 1918 ne, inda jam'iyyar Sinn Féin ta ci kujeru 73 daga cikin 105 na Ayalan, ta ƙi zuwa majalisar Landan, ta kafa tata majalisar, Dáil, a Dublin ranar 21 ga Janairun 1919. Birtaniya ta haramta majalisar da mutane suka zaɓa. Daga nan ne bindigar Barry ta sami hujja.

"Ai ba yaƙi aka zaɓa a 1918 ba"

Wannan suka ce mai nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Wanda ya jefa wa Sinn Féin ƙuri'a bai sa hannu a kan kwanton ɓauna ba. Harin farko da aka kai a Soloheadbeg, inda aka kashe 'yan sanda biyu, ba da izinin majalisa aka kai shi ba, kuma sai a 1921 majalisar ta fito fili ta ɗauki alhakin ayyukan IRA, wato rundunar 'yan gwagwarmayar da Barry yake ciki.

Amma jama'a sun sami damar janye goyon bayansu, ba su janye ba. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Janairu da Yunin 1920, jini na zuba, Sinn Féin ta sake lashe yawancin majalisun. Mutanen da ake ƙona wa gidaje saboda 'yan bindiga, da sun gaji da su, hanya mafi sauƙi ita ce su tona musu asiri. Yawanci ba su yi ba.

Akwai suka ta biyu da ta fi wannan ɗaci. Barry ya ce a Kilmichael wasu daga cikin Auxiliaries sun yi ihun sun miƙa wuya, da yaransa suka miƙe tsaye sai suka buɗe musu wuta, shi ya sa ya ba da umarnin kada a bar kowa. A 1998 wani masanin tarihi, Peter Hart, ya ƙaryata wannan labari, ya ce an dai kashe waɗanda suka miƙa wuya ne kawai. Wasu masanan kuma suka soki hujjojin Hart, har yau ana ta ja-in-ja. Ko wanne ne daidai, an ƙarasa masu rauni a wannan hanya, kuma rundunar Barry ta harbe mutane fiye da goma a farkon 1921 bisa zargin kai rahoto, ba tare da shari'ar da za a kira shari'a ba. Ba zan wanke wannan ba. Goyon bayan jama'a yana halatta maka ka yi yaƙi, bai halatta maka duk abin da ka aikata a cikin yaƙin ba. Mai yaɗa hoton jarumi ya kamata ya iya faɗin wannan ma.

Ranar da jama'a suka ce ya isa

An tsagaita wuta ranar 11 ga Yulin 1921. A watan Agusta Barry ya yi aure, kuma a hoton bikin ga Éamon de Valera, shugaban Sinn Féin, ga Michael Collins, duk a wuri ɗaya. Ranar 6 ga Disamba Collins da abokansa suka sa hannu a yarjejeniya a Landan: gundumomi 26 za su sami gwamnatin kansu da sojansu, sojan Birtaniya zai fice, amma 'yan majalisa za su yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila, gundumomi shida na arewa kuma suna nan a hannun Birtaniya. Collins ya ce wannan ba cikakken 'yanci ba ne, 'yancin da za a nemi cikakken 'yanci da shi ne.

Majalisa ta amince da ƙuri'a 64 da 57. A zaɓen Yunin 1922 masu adawa da yarjejeniyar suka sami kujeru 36 kacal daga cikin 128. Barry yana cikin waɗanda suka ce ba su yarda ba. De Valera ma ya furta cewa jama'a ba su da ikon aikata kuskure, maganar da duk mai bindigar da ya sha kaye a akwati yake so ya ji.

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani. Ɓarayi sun addabi unguwa, mutane suka haɗa kuɗi suka ɗauki 'yan sintiri, suka ba su abinci da fitila. Samarin suka yi aiki, wasu ma suka rasa rayukansu. Bayan an sami sauƙi mutanen unguwa suka taru suka ce a dakata haka nan. Idan 'yan sintirin suka ce su ne suka zubar da jini don haka su ne za su faɗi ranar dakatawa, to daga wannan rana unguwa ta sami sabon abin tsoro, kuma zafin da suka sha a baya ba zai canza haka ba.

Yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin sabuwar gwamnatin masu goyon bayan yarjejeniyar da masu adawa da ita, ga kuma abin da ya yi wa mutanen Barry su kaɗai. Ranar 22 ga Agustan 1922, shekara guda bayan wancan biki, aka yi wa Collins kwanton ɓauna a Béal na Bláth, a yammacin Cork, aka kashe shi yana da shekara 31. Jagoran masu kwanton ɓaunar Tom Hales ne, wanda Turawa suka azabtar a 1920. Ɗan'uwansa Seán Hales, wanda ya yi yaƙi tare da Barry a Crossbarry, yana ɓangaren gwamnati. Ranar 7 ga Disamba aka harbe Seán a titin Dublin yana kan hanyar majalisa. Washegari gwamnati ta fito da fursunoni huɗu daga kurkukun Mountjoy ta harbe su ba shari'a, don ramuwa. Ɗaya daga cikinsu Dick Barrett ne, shi ma ɗan rundunar yammacin Cork, abokin su duka. Wani kuma, Rory O'Connor, shi ne babban abokin ango a bikin ministan da ya amince da kisan, Kevin O'Higgins, shekara guda kafin nan.

Birtaniya ta zartar da hukuncin kisa a kan 'yan gwagwarmaya 24 a yaƙin neman 'yanci. Sabuwar gwamnatin Ayalan ta kashe aƙalla 77 cikin watanni kaɗan. A Ballyseedy, a watan Maris na 1923, sojojinta suka ɗaure fursunoni tara a jikin nakiya suka tayar da ita, mutum ɗaya ne ya tsira. Ba ina cewa gwamnatin tana da tsabtar hannu ba ne, ta aikata abin kunya da har yau ake jin zafinsa. Ina cewa ne an buɗe ƙofar wannan bala'i ranar da masu bindiga suka ɗauki kansu sama da akwatin zaɓe.

Barry yana tsare lokacin da labarin mutuwar Collins ya iso. Ya ba da labarin yadda ya ga ɗaruruwan fursunoni, waɗanda Collins ɗin ne ya kulle su, sun durƙusa suna jan carbi suna yi masa addu'a. Mutanen da ke kashe juna ke nan.

"Da wuƙa a wuya aka sa hannu"

Masu kare Barry suna cewa zaɓen 1922 ba zaɓen 'yanci ba ne, domin Lloyd George ya yi barazanar dawo da yaƙi nan take idan ba a sa hannu ba. Haka ne, ya yi. Amma wa zai ɗauki nauyin wannan yaƙin idan ya dawo? Matar da za a sake ƙona wa gida, da manomin da za a sake kwashe wa shanu. Idan suka auna suka ce ba za su iya ba a yanzu, hakkinsu ne. Mai tsoron abin da ya riga ya ɗanɗana ba wawa ba ne, kuma ba a ƙwace wa mutum ra'ayinsa don an ga tsoro a cikinsa.

Tarihi ma ya bi bayan Collins. De Valera da ya ƙi rantsuwar a 1922 ya shiga majalisa ya yi ta a 1927. Ya ci zaɓe a 1932, ya soke rantsuwar a 1933, ya kawo sabon tsarin mulki a 1937, ya karɓo tasoshin jiragen ruwan da Birtaniya ta riƙe a 1938. A 1949 ƙasar ta zama jamhuriya. Duk abin da aka zubar da jinin 'yan'uwa a kansa a kudu, an same shi daga baya da ƙuri'a da takarda.

Abin da ya sa har yanzu nake girmama Barry shi ne ya gane kafin yawancin abokansa. Bayan ya tsere daga sansanin fursunoni na Gormanston ya koma fagen daga, sai ya ga yaƙin ba inda zai kai su. A taron shugabannin IRA na watan Maris 1923 shi ne ya kawo shawarar a dakata, aka kayar da ita da ƙuri'a 6 da 5. Makonni kaɗan bayan haka aka harbe babban kwamandansu, Liam Lynch, a watan Mayu kuma aka ba da umarnin ajiye makamai. Namijin da ya tsaya a gaban motar Auxiliaries ya tsaya a gaban abokansa ya ce mun sha kaye, kuma a ganina tsayuwar ta biyu ta fi wuya, domin a ita ake kiran mutum maci amana.

Ban ce ya warke sarai ba. Ya ci gaba da hulɗa da IRA a shekarun 1930. A 1936 'yan ƙungiyar suka harbe wani dattijo mai shekara 72, Henry Somerville, tsohon hafsan sojan ruwa, a ƙofar gidansa, saboda yana rubuta wa samarin ƙauye takardar shaida su shiga aikin sojan ruwan Birtaniya, kuma masana tarihi da dama suna danganta umarnin da Barry. A 1937 ya je Jamus ta Hitler neman taimako. Wannan shi ne halin bindigar da babu wanda ya aike ta: tana neman abin harbi, tana neman aboki ko wane iri ne. Amma da aka kawo shirin dasa bama-bamai a biranen Ingila, Barry ya ƙi, ya bar ƙungiyar a 1938. Shirin ya ci gaba ba da shi ba, ya kashe mutum biyar masu wucewa a Coventry a 1939. Shi kuwa ya riƙe aikinsa a hukumar tashar jiragen ruwa ta Cork har ya yi ritaya, kuma a 1965 shi ne ya buɗe dutsen tunawa da Collins a Sam's Cross, mahaifar Collins ɗin.

Saura magana ɗaya da na san za a jefo mini: to gundumomi shida na arewa fa, ba yarjejeniyar ce ta sayar da su ba? An raba tsibirin tun da dokar 1920, kafin a zauna a Landan, kuma yawancin mazauna wannan yanki 'yan Furotesta ne da ba sa son mulkin Dublin, suna kuma da nasu makaman. Yaƙin basasar kudu bai dawo da ko taku ɗaya na arewa ba, sai ma ya bar 'yan Katolikan can ba mai waiwayarsu. Zaluncin da aka yi musu na shekara 50 gaskiya ne. Rikicin da ya ɓarke a arewa daga ƙarshen shekarun 1960 ya ci rayuka sama da 3,500, kuma Barry, da tsufansa, ya soki dasa bam a wuraren da farar hula ke taruwa. Ya rasu a 1980, bai ga ƙarshen abin ba. A 1998 aka koma teburin da mai wancan rubutu ya raina, aka kai sabuwar yarjejeniyar zaman lafiya gaban jama'a, kashi 71 cikin ɗari a arewa da kashi 94 a kudu suka ce sun yarda. A cikinta aka rubuta cewa tsibirin zai haɗe ne ranar da mafi rinjaye a kowane ɓangare suka zaɓi haka, kuma a 2005 IRA ta sanar da cewa ta ajiye makamai.